Gadon Tarayya: Ki Ga Takarda Kafin Ki Sa Hannu

  

Zancenmu na wannan fitowa yana da nauyi, don bayan mutuwa yake zuwa. Mace ce maigidanta ya rasu, ko mahaifinta, ko yayanta, kuma ya bar kasuwancin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Injin niƙa ne shi da ƙaninsa, ko magazar wake da aya shi da abokinsa, ko motar ɗaukar albasa daga Galmi wadda su 3 suka haɗa kuɗi suka saya. An yi sadakar bakwai an watse, an ce mata tana da rabo a ciki. To daga nan magana take rabuwa biyu. Wata a ce mata, "Ai babu komai, bashi ya cinye." Wata kuma a riƙa aiko mata ɗan kuɗin miya wata-wata, tana ta godiya, sai bayan shekara 2 takardar haraji ko ta banki ta iso ƙofar gida da sunan marigayi, da adadin da ya fi duk abin da aka taɓa ba ta.

Abin da ya haɗa matan nan biyu shi ne babu wadda ta ga takarda. Kashin tarayya ba saniya ba ce da za a kama igiya a miƙa miki. Yana tafe da kayansa da bashinsa da harajinsa ɗaure cikin ƙulli guda, ba ki sanin girmansa sai an kwance an ƙirga. Shi ya sa maganata guda ce yau: ki san yadda kasuwancin yake a ranar da mai shi ya rasu, bisa takarda, kafin ki karɓi komai da sunan rabo, kafin kuma ki sa hannu ko ki dangwala yatsa.

Wace irin tarayya ce?

Wannan ita ce tambayar farko, don amsarta ita ke nuna miki ko ɗan abin da kika mallaka da guminki yana cikin haɗari. Kasuwanci a Nijar yana bin dokokin OHADA, waɗanda ƙasashen Afirka 17 suka haɗu a kansu, kuma dokokin sun bambanta tarayya iri-iri.

Wadda ta fi yawa a wurinmu ita ce tarayyar baki. Mutum biyu sun yarda da juna, sun haɗa jari, suna raba riba, babu takarda ko guda. Kada a ce miki tun da ba a rubuta ba, babu ita. Alƙali yana iya tabbatar da ita in an kawo hujja, kuma kowace irin hujja ana dubawa: shaidu, littafin da ake rubuta ciniki, rasit ɗin aiken kuɗi, takardar sayen inji. Amma in ya tabbatar da ita, kowane abokin tarayya yana ɗaukar bashin kasuwancin har da dukiyarsa ta gida.

Akwai kuma kamfani mai rajista wanda ake kira SNC. Shi ma haka yake, bashi yana bin masu shi har ɗaki. Mutuwar ɗaya daga cikinsu tana kawo ƙarshen kamfanin, sai fa in takardar kafa shi ta ce a ci gaba, ko da waɗanda suka rage, ko tare da magada. In cikin magadan akwai marayu ƙanana, doka ta kāre su: bashi ba ya wuce abin da suka gada, kuma dole a sāke wa kamfanin tsari cikin shekara guda.

Sai SARL. Shi mutuwa ba ta rushe shi, kashin marigayi yana komawa ga magada, sai in takardar kafawa ta ce sai sauran sun amince da sabon shiga. Nan in an yi hasara, jarin da aka zuba shi kaɗai ke tafiya, ba a taɓa akuyarki ko keken ɗinkinki.

Na huɗu shi ne GIE, wanda ƙungiyoyin mata da yawa suka sani. Mambobinsa suna ɗaukar bashinsa da dukiyarsu, kuma mutuwar mamba tana iya rushe shi in yarjejeniyar ba ta tanadi ci gaba ba.

Kin ga ke nan takardar kafawa ita ce uwar takardu. Da Faransanci sunanta statuts. In an ce ta ɓata, kamfani mai rajista yana da kwafi ajiye a wurin magatakardan kotu, inda ake riƙe rajistar kasuwanci ta RCCM. Ki biɗi lambar rajistar, ana samunta bisa hatimi ko bisa kan takardun ciniki.

Ranar rasuwa ita ce iyaka

Abin da kasuwancin ya mallaka da abin da ake bin sa a ranar rasuwa, daga nan gado yake fitowa. Abin da ya faru bayan ranar, wani lissafi ne daban. In ba a ja wannan iyaka da wuri ba, buhu ya fita, buhu ya shigo, nan da wata 6 babu mai iya cewa wane ne na marigayi.

Don haka tun cikin makon farko ko na biyu, a sami mutum daga ɓangaren magada, da abokin tarayya, da shaidu 2, su shiga magaza su ƙirga. A rubuta kaya da farashinsu na ranar, da kuɗin da ke cikin akwati, da sunayen waɗanda suka ɗauki kaya bashi, da waɗanda ke bin kasuwancin. Kowa ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Bari mu yi misali da lissafi, kamar yadda muke yi a ajin yaƙi da jahilci. Mu ce mutum biyu ne, rabi da rabi. Ranar rasuwa akwai wake na miliyan 3 a magaza, akwai miliyan 1 da jika 200 a banki, akwai jika 800 a hannun masu ɗaukar bashi. Duka miliyan 5. Amma banki yana bin su miliyan 1, manoman da suka kawo wake suna bin jika 600, haraji da hayar magaza jika 400. Bashi ya kama miliyan 2. Abin da ya rage miliyan 3, rabin marigayi miliyan 1 da jika 500.

Ba a gama ba. A shari'ar Musulunci, wadda da ita ake raba wa mafi yawanmu gado, sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashin mamaci na kansa, sannan wasiyya in akwai, kafin a raba. Mu ce waɗannan sun ci jika 300, babu wasiyya, kuma don sauƙin lissafi mu ce bai bar wata dukiya ba, uwayensa kuma sun riga shi. Saura miliyan 1 da jika 200. Tun da ya bar ɗiya, rabon mata ɗaya bisa takwas ne, wato jika 150. In mata biyu ne, kowace jika 75. Sauran miliyan 1 da jika 50 na ɗiya ne: in maza 2 ne da mata 3, kowane namiji jika 300, kowace mace jika 150.

Dubi nan da kyau. Wadda ta leƙa magaza ta ga wake na miliyan 3, in an miƙa mata jika 75 za ta rantse an cuce ta, alhali gaskiyarta ke nan. Wadda aka ce wa bashi ya cinye komai, ita da marayunta an danne musu sama da miliyan guda. Lissafi ne kaɗai ke raba gardamar nan. Rabon kansa kuwa aikin malamai ne da alƙali, namu shi ne mu tabbata adadin da aka aza gabansu na gaskiya ne.

In abokin tarayya ya ci gaba da juya jarin marigayi bayan rasuwa, ribar wannan jari ta magada ce. Shi ma wahalarsa tana da lada, tun da yanzu shi kaɗai ke tsaye. A zauna a yanke masa abin da zai ɗauka, a rubuta.

Takardun da ke nuna ke magajiya ce

Banki da ma'aikatar haraji ba su san ki ba. Ko duk unguwa ta shaida ke matarsa ce shekara 20, su takarda suke karantawa. Ga abin da za ki tara.

Takardar mutuwa daga ma'aikatar magajin gari. A yi ta da wuri, don in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu, ga ɓata lokaci ga kashe kuɗi. Sai takardar aure, da takardun haihuwar yara, da katinki na ɗan ƙasa. Sai takardar zaman dangi wadda ake yi a kotu, da takardar shaidar magada, wadda ake kira certificat d'hérédité. Cikin takardar zaman dangi ake jera sunayen magada, ake naɗa wakilin da zai yi magana da yawunsu, da wanda zai riƙi marayu.

Nan ki buɗe ido. A karanta miki takardar da Hausa, suna bayan suna. Ki tabbata sunanki yana ciki, da na kowane ɗanki, har da jinjirin da ke goye, kuma in kina da ciki ki faɗa, don shi ma yana da rabo. Ki tabbata yadda aka rubuta sunan ya yi daidai da na katinki, don harafi guda yana tsayar da takarda a banki wata da watanni. Wakili kuwa ɗan aike ne na magada. Naɗa shi bai mai da dukiya tasa ba, kuma kina da ikon ki ce ya nuna rasit na duk abin da ya karɓa ko ya biya.

Kowace takarda ki yi mata kwafi, a buga wa kwafin hatimin tabbatarwa. Ta asali ta zauna cikin leda cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da ruwan damina. Ana nuna ta, ba a barin ta a hannun kowa.

Banki

Ki fara da sanin da sunan wa aka buɗe asusun banki. In da sunan marigayi ne, da zarar banki ya sami labarin rasuwa zai rufe shi har a kawo takardun magada. Mata da yawa suna jin tsoron wannan, har a ba su shawara su yi shiru. Rufewar nan kāriya ce gare ki. Duk wakilcin da marigayi ya ba wani ya cire kuɗi ya faɗi tun ranar da ya rasu. Wanda ya ɗauki katinsa ko takardar cak ɗinsa ya je ya ciro kuɗi bayan nan, ko ɗansa ne, ko ke ce, ya taɓa dukiyar magada duka, kuma kwanan watan yana nan rubuce.

In da sunan kamfani ne, kuɗin na kamfani ne, ba a raba shi kai tsaye kamar gado. Abin da za a gyara shi ne wa ke sa hannu yanzu, kuma a sanar da banki a rubuce. In kuwa da sunan abokin tarayya ne shi kaɗai, to a idon banki kuɗin nasa ne, sai hujja ta nuna akwai na marigayi a ciki. Wannan shi ne wuri mafi santsi, shi ya sa ƙirgar makon farko take da daraja.

Wakilin magada ya biɗo abu huɗu daga banki. Na ɗaya, takardar shige da ficen kuɗi, wadda ake kira relevé, tun daga shekara guda kafin rasuwa har zuwa yau. Na biyu, adadin da ke ciki a ranar rasuwa. Na uku, duk bashin da ake bin marigayi ko kasuwancin, da abin da aka jinginar, don sau da yawa takardar gida ko ta fili tana can ajiye iyali ba su sani ba. Na huɗu, ko bashin yana da inshorar mutuwa. Bankuna da gidajen ba da rance sukan haɗa rance da irin wannan inshora, wadda ke biyan saura in mai rance ya rasu. A tambaya kafin a biya ko dala, kuma a kai takardar mutuwa da wuri. A tambaya kuma ko marigayi ya tsaya wa wani a wani rancen.

Karanta relevé ba wuya, ko wadda ta yi wata 6 a aji tana iyawa. Layin farko kwanan wata ne. Inda aka rubuta débit, kuɗin da ya fita ne. Inda aka rubuta crédit, wanda ya shigo. Solde shi ne abin da ya rage. Banki ba ya ƙirga da dala yadda muke yi a kasuwa: in kin ga 150.000, rufe sifiri ukun ƙarshe da yatsa, jika 150 ke nan. Ki ja layi da alƙalami ƙarƙashin ranar rasuwa, duk abin da ya fita ƙasan layin nan ki tambayi wa ya cire, don me.

Kada kuma a manta da asusu a bar shi. A ƙasashenmu masu kuɗin Sefa, asusun da ya yi shekara 10 babu wanda ya taɓa shi, ana mai da kuɗinsa babban banki na BCEAO. Magada suna iya bin sa can, amma tafiyar ta ƙara tsawo.

Sai wayar marigayi. Ƴan kasuwa da yawa yanzu rabin lissafinsu yana cikin waya: Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash, da hotunan rasit na Nita ko Amana. Kada a ba yaro ita ya yi wasa, kada a goge saƙo ko guda, kada a bar layin ya mutu, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa. Kuɗin da ke ciki shi ma gado ne, da takardun magada ake karɓo shi.

Haraji

Mutum yana mutuwa, lanho ba ya mutuwa tare da shi. Duk kasuwancin da hukuma ta sani yana da lambar haraji, NIF, daga babbar ma'aikatar haraji ta ƙasa, DGI. Tambayar ita ce dai waccan: da sunan wa lambar take?

In da sunan kamfani ne, kamfani zai ci gaba da bayyana abin da ya samu yana biya kamar kullum. Naki shi ne ki ga shaida cewa ana yi. In da sunan marigayi ne, kamar yadda yake faruwa a tarayyar baki, dole a je a sanar da rasuwa a rubuce, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata. In ba a sanar ba, a wurinsu shagon yana buɗe kuma mai shi yana raye, haraji yana ta hauhawa, tarar jinkiri tana bin sa. Mafi muni shi ne a bar wani yana ciniki da lambar mamaci: riba tana shiga aljihunsa, haraji yana taruwa bisa kan marayu.

A ofishin haraji na garinku, a roƙi a fitar da matsayin lambar: me aka biya, me ya saura, na wace shekara. Ƙananan ƴan kasuwa haraji guda na dunƙule suke biya a shekara, wanda har yanzu da yawa muke ce wa patanti. Manya suna riƙe littattafai, suna bayyana riba, wasu har da TVA. Shekarar lissafi tana rufewa 31 ga Disamba, kuma dokar OHADA ta ba kamfani wata 4 ya kammala lissafin shekarar. In an ce miki har yanzu ba a yi lissafin bara ba alhali damina ta sauka, akwai abin tambaya. Kada kuma a nuna miki tikitin kasuwa na ma'aikatar magajin gari a ce an biya haraji. Wannan daban, wancan daban. In akwai ma'aikata masu albashi, a duba ko an zuba musu kuɗin CNSS, don shi ma bashi ne bisa kasuwancin.

Harajin da ya taru kafin rasuwa bashi ne na kasuwancin, daga cikinsa ake biya kafin rabo, kowane abokin tarayya gwargwadon kashinsa. Biya kuwa a wurin karɓar kuɗi na ofis ake yi, a karɓo rasit mai suna da lamba da shekara. Kada ki damƙa wa wani kuɗi a zaure don ya ce ya san mutane a ciki. Littattafan ciniki da rasit na kamfani, doka ta ce a ajiye su shekara 10, don haka tsohon kaye mai maiƙo da kika tarar ƙarƙashin katifa kada a kunna wuta da shi.

Ga wani wa'adi da ya shafe mu mu mata. In marigayi yana da rajistar kasuwanci da sunansa, magada suna da wata 3 daga ranar rasuwa su soke ta, ko su gyara ta in za su ci gaba. Takaba kuwa wata 4 ce da kwana 10. Kin ga wa'adin yana cika kina ɗaki. Saboda haka kada a ce a bari sai kin fita. A naɗa wakili da wuri, ki sa yayanki ko kawunki ko ɗanki babba ya bi shi ƙafa da ƙafa, ya dawo miki da kwafi.

Kafin ki sa hannu

A shari'a bashin mamaci daga dukiyarsa ake biya, ba a tilasta magaji ya cika daga aljihunsa. Amma sa hannu yana iya canza wannan. In kin sa hannu kin shiga SNC a matsayin abokiyar tarayya, ko kin tsaya wa rancen kamfani, bashin ya zama naki da kanki. In kin dangwala yatsa bisa takardar da ta ce kin karɓi hakkinki duka, alhali kuɗin miya aka ba ki, ƙofa ta rufe. Duk takardar da aka kawo, ki ce a bar miki ita ta kwana. Wanda zai karanta miki ya zama ba shi da rabo a ciki. Abin da aka ba ki kafin rabo, ki karɓa in kina da bukata, amma a rubuta cewa somin rabo ne, da adadi da rana.

Bayan lissafi ya fito, hanya uku ce: a ci gaba tare, ko a sayar wa abokin tarayya kashin, ko a rufe a raba. In za a ci gaba, a rubuta sabuwar yarjejeniya da sunayenku, da ranar da za a riƙa lissafi. A SARL doka ta ba mai kashi ikon ya ga lissafin shekara 3 na baya, ki yi amfani da shi. In za a sayar, farashi ya fito daga ƙirga, a rubuta yadda za a biya da wanda ya ɗauki bashi da haraji, kuma in kamfani mai rajista ne a bi ta wurin noter, a gyara rajista. Ki riƙe wannan: yarjejeniyarku da abokin tarayya ba ta ɗaure banki. Sai banki da kansa ya rubuta cewa ya saki magada kuma ya maido takardar jingina.

Na san abin da ke hana mu magana: kunya. Abokin tarayyar nan wan miji ne, ko aminin Baba wanda ya ɗauke ki kina jinjira. Mafi yawansu masu amana ne, su ma rashi aka yi musu. Ana iya faɗa da ladabi: "Yaya, Allah ya bar zumunci. Wallahi ba zargi ba ne. Yaran nan za su girma su tambaye ni, ina son in sami abin da zan nuna musu, kai ma ya wanke ka." Mai gaskiya zai ji daɗin wannan magana. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka mai neman a rubuta bai zo da baƙon abu ba. In an ƙi, a tafi wurin mai unguwa ko hakimi a yi sulhu, a rubuta abin da aka sasanta. In ya gagara, kotu tana nan.

Abin da asusu zai iya

Mu ba baƙin wannan aiki ba ne. Tun 1991 da aka soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, akwatinmu makulli 3 gare shi a hannun mata 3, kuɗi a bainar jama'a ake ƙirga shi da babbar murya, kuma babu ma'ajiyar da ta taɓa cewa an zage ta don an ƙirga. Abin da muke yi wa jika 50 na zubi, shi za mu nema a yi wa miliyan na marayu.

In rashi ya sami ɗayarmu, bayan gaisuwa da tuwon makoki, a zaɓi mata biyu masu karatu su zauna da ita su jera takardu. Kuɗin taimako na asusu yana iya ɗaukar kwafi da kuɗin mota da na kotu. Amma kada mu ba ta rance don ta biya bashin tarayyar da ba a ƙirga ba tukuna. Wannan ɗauke kaya ne daga kan kasuwanci a aza bisa kanta, mu kuma mu zo muna bin ta.

Ga aikin zama mai zuwa. Kowace ƙungiya ta duba dokarta: in mamba ta rasu, wa ke karɓar zubinta, ina aka rubuta sunansa, yaya ake yi da rancen da ke kanta? Waɗanda kuma kuka haɗa jari ku biyu ko uku kuna matsar man gyaɗa ko kiwon tumakin layya, ku ɗauki shafi guda ku rubuta nawa kowace ta zuba, yadda ake raba riba, da abin da za a yi in ɗaya ta riga saura. Sakatariya ta ajiye kwafi cikin akwati. Mai maigida ɗan tarayya kuma, ta sami lokacin da ransa yake fari ta tambaye shi inda takardunsa suke.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya marayu. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.